Shekarun Shibu a Skarvik

Shibukawa Tetsuro ya sauka a Skarvik cikin watan Janairu, lokacin da rana ba ta ko leƙo garin. Direban kulob ne ya ɗauko shi daga filin jirgi, ya kai shi wani gidan katako a bayan ma'ajiyar kifi, ya nuna masa inda ake kunna abin ɗumama ɗaki, ya damƙa masa mukulli, ya ja motarsa. Tetsuro ya daɗe tsaye a tsakar ɗakin da jakunkunansa, ko rigar sanyi bai cire ba. Agogo ya nuna tsakar rana ce, amma ta taga ba abin da yake gani sai duhu da fitilun jiragen kamun kifi.

Sanyi da dusar ƙanƙara ba baƙinsa ba ne, don a Akita aka haife shi, a can ya yi wasa tun da ya gama sakandare har ya kai shekara ashirin da takwas. Ɗan baya ne na gefen hagu, irin waɗanda ba a ambaton sunansu sai ranar da suka yi kuskure, shi kuwa bai cika yin kuskure ba. Mutanen garinsu suna son sa, albashinsa na isarsa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, shuɗiyar rigar tawagar Japan. Ya ga yaran da suka taso a bayansa sun tafi Jamus da Beljiyam, kafin ka ce me an kira su, shi kuwa ko sunansa ba a taɓa kawowa ba. Don haka da wakilinsa ya ce akwai wani kulob a arewacin Norway da ke neman ɗan bayan hagu, ya amsa tun bai duba inda garin yake a taswira ba.

Matarsa Kanae tana aiki a ɗakin magani na wani asibiti, ga mahaifiyarta kwance da shanyewar ɓarin jiki, ba mai kula da ita sai ita. 'Yarsu Chiho kuwa shekararta uku.

"Ka je ka fara ganin wurin, Baban Chiho," in ji Kanae ranar da take shirya masa kaya. "In Mama ta ɗan ji sauƙi sai mu biyo ka."

A ɗakin canza kaya na kulob ɗin, kwanakin farko, kamar an toshe masa kunne yake ji. Ana ta hira ana dariya a kansa da gefensa, shi dai sai murmushi da sunkuyar da kai. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, yaren garin kuwa ko farkon kalma bai iya rabewa da ƙarshenta. An ba shi wurin zama kusa da golan ƙungiyar, wani ƙato mai jan gemu, ɗan asalin garin, ana kiransa Torgeir. Shi Torgeir bai damu da ko ana fahimtarsa ko ba a fahimta ba, magana dai sai ya yi.

"Kai, wannan suna naka ai sai mutum ya ci ya ƙoshi kafin ya faɗe shi," in ji shi a ranar farko, yana karanta abin da aka manna a saman wurin Tetsuro. "Shibu me? Kafin in gama kiran ka an zura mana biyu. Shibu ya isa. Ka ji? Shibu!"

Tetsuro bai gane komai ba sai sunan, ya gyaɗa kai. Daga ranar kowa a garin Shibu yake ce masa.

A bakin Torgeir ya koyi kalmominsa na farko, duk kuwa da ihu ya koye su a fili: hagu, koma baya, bar mini, fita da ita. Sai zagi iri-iri, waɗanda ya ɗauka kalmomin ƙwallo ne har ranar da ya faɗa wa koci Halvard ɗaya daga ciki da ladabinsa, yana sunkuyawa. Duk filin aka kwashe da dariya, shi kansa Halvard, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba, sai da ya juya baya yana girgiza kafaɗa.

Rayuwarsa ta zauna a kan hanya ɗaya. Da safe atisaye. Da an tashi, kafin ya tayar da mota, sai ya zauna a ciki ya kira gida, don lokacin ne ake shirin kwantar da Chiho a Akita. A watannin farko yarinyar har sumbatar fuskar wayar take yi, tana tambayarsa ko ya ga farin beyar. Daga nan ya koma gida ya dafa shinkafa, ya ci yana kallon bango, ya wanke kwanonsa guda ɗaya. Sauran yinin kuwa tsawo gare shi. Yakan zaga kanti ba don yana bukatar komai ba, ya bi bakin ruwa har inda titi ya ƙare, ya dawo. Mutanen Skarvik ba su da mugunta. Sukan ɗaga masa hannu daga nesa, su ce wasan Lahadi ya yi kyau, su wuce. Ba al'adarsu ba ce su ce wa mutum shigo mu sha shayi, shi ma ba al'adarsa ba ce ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba a kira shi ba.

Da bazara ta shigo, rana ta dawo ta ƙi faɗuwa, wata ranar hutu Torgeir ya zo ya yi ta danna masa hon a ƙofar gida.

"Fito, mutumina! Za ka ruɓe a ɗakin nan. Sa rigar sanyi, teku za mu."

Jirgin ruwan mahaifin Torgeir ne, ƙarami, yana warin mai da kifi. Suka yi nisa har gidajen garin suka koma kamar ashana, suka jefa ƙugiya. Tetsuro ne ya kamo wani faffaɗan kifi da ya kusa ja shi cikin ruwa. Ya karɓi wuƙa, ya feɗe shi yadda ya ga kawunsa na yi, ya yanka tsokar siri-siri, ya ciro 'yar kwalbar ruwan waken soya da ba ya rabuwa da ita a aljihu, ya miƙa wa Torgeir.

"Ɗanye?" in ji Torgeir, yana ja da baya. "Haba Shibu, me na yi maka? So kake ka kashe wa kulob gola, ga wasa ranar Lahadi?"

"Ci," in ji Tetsuro. Kalmar na cikin 'yan kaɗan da ya iya.

Torgeir ya rufe ido ya jefa a baki. Ya tauna, ya buɗe ido ɗaya.

"Ƙara mini. Amma in ka gaya wa babana na ci kifi ba a dafa ba, sai na jefa ka ruwa."

Suna cikin ci Tetsuro ya nuna masa hoton Kanae da Chiho. Torgeir ya daɗe yana kallo, ya goge hannu a wando.

"Kana da waɗannan, to me ka zo nema a ƙarshen duniya?"

Tetsuro ya yi ta lalube cikin 'yan kalmominsa. Can ya kama gaban rigarsa ya ja.

"Riga," ya ce. "Shuɗiya. Japan."

"Oho," in ji Torgeir. Bai yi dariya ba. Ya kalli ruwa, ya ce, "To, sai ka daina barin mutane suna wuce ka ta ciki, ko ba haka ba?"

Wannan yini shi ne mafi daɗi da ya yi a shekararsa ta farko, suka kuma maimaita shi sau da yawa. A hankali bakinsa ya buɗe da yaren, har yana rama tsokana. Duk Disamba, in an rufe kakar wasa, yakan je gida ya yi 'yan makonni. Surukarsa ba ta ji sauƙi ba. A gidan nasa kuwa ya lura an sauya wurin ajiye kofuna, an sayi sabon teburi, sai ya tambaya kafin ya sami tawul. Kafin ya gama sabawa lokacin komawa ya yi.

A ƙarshen kaka ta biyu wani kulob a Denmark ya sayi Torgeir. Ya zo yi masa sallama da mota cike da kaya, matarsa na jira a ciki.

"To, Shibu, sai wata rana. Sabon golan yaro ne, ka riƙa yi masa ihu yadda na yi maka." Ya buga masa kafaɗa da wannan ƙaton hannu nasa. "Ka riƙa fita, ka ji? Kada in ji an ce ka mutu a ɗaki shinkafa na kan wuta."

Bayan tafiyarsa wurin zaman da ke kusa da Tetsuro ya koma na wani matashi da kullum kunnensa a toshe da abin jin kiɗa. Ba wanda ya sake danna masa hon. Kiran gida ma ya gajarce. Chiho takan zo ta ɗaga hannu ta ce, "Sannu Baba," ta koma ga abin da take yi, Kanae kuma muryarta duk gajiya, sai labarin magani da likita. Da ba shi da wurin kai lokacinsa, sai ya zuba shi duka a ƙwallo. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Yakan zauna ya yi ta kallon wasannin duk ɗan gaban da zai tsare, har ya san da wace ƙafa yake fara gudu. A kaka ta uku ba a ƙara wuce shi ta ciki ba, ta waje ma sai da ƙyar.

A wannan shekarar ce ƙaramin kulob ɗin ya sami shiga wasannin neman gurbi na gasar Turai, abin da garin bai taɓa gani ba. Aka haɗa su da wata babbar ƙungiya mai wani ɗan gaba na gefen dama da ake ta zuzutawa a jaridu. Ana saura kwana kaɗan a yi wasan, Kanae ta kira shi a lokacin da ba ta saba kira ba. Mahaifiyarta ta rasu.

"Zan nemi jirgi yanzu," ya ce.

"Kada ka zo," in ji ta. Muryarta a daidai take, kamar ta gama kukan tun kafin ta kira. "Kafin ka iso an gama komai. Yayana yana nan, maƙwabta suna nan. Ka yi wasanka, Baban Chiho. Ai don shi ka tafi."

Ya zauna a bakin gado da wayar a hannu. Surukar nan tasa ita ce ta riƙa dafa masa abinci ta kai masa har filin atisaye lokacin yana neman 'yarta. Ya san in ya ce zai tafi Halvard ba zai hana shi ba. Bai tafi ba. Ya buga wasan, kuma bai taɓa yin irinsa ba. Ɗan gaban da ake zuzutawa ya gwada ta ciki, ya gwada ta waje, ya koma ɗaya gefen, daga ƙarshe aka cire shi yana jifa da kwalbar ruwa. Garin ya yi ta murna har washegari. Tetsuro ya yi wanka ya koma gida, ya kunna turare ɗan tsinke a gaban taga, ya durƙusa shi kaɗai.

Da kwanakin makoki suka wuce, ya kawo maganar da ya daɗe yana jira.

"Yanzu ai sai ku taho. Akwai makaranta mai kyau a nan, na tambaya. Zan nemi gida babba."

Kanae ta amsa masa a hankali.

"Chiho ta shiga firamare, ta yi ƙawaye," ta ce. "Ni kuma an ba ni riƙon sashenmu. In na zo can me zan yi, in zauna a ɗaki ina jiran ka dawo daga atisaye? Ba fushi nake yi ba, ka fahimce ni. Mun saba ne kawai."

Ya ce ya fahimta. Bayan sun ajiye waya ya daɗe a cikin motar bai tayar ba, har filin ajiye motocin ya zama ba kowa.

Ashe a cikin 'yan kallon wancan wasa akwai mataimakin kocin Japan. Da kaka ta kusa ƙarewa, wata safiya Halvard ya tsayar da atisaye, ya tara su, ya ce, "Shibu, ƙasarku na neman ka." Yaran suka yi masa ca, suna dukan kansa da bayansa. Ya kira Kanae, ta yi murna ta gaskiya, har muryarta ta karye. Ya aika wa Torgeir saƙo, amsa ta zo nan take: "Ka aiko mini da riga. Babba, ba irin taku ta yara ba." Daga nan ya duba wayarsa sama da ƙasa, bai ga wanda zai ƙara gaya wa ba.

Ya ɗauka in ya isa sansanin tawagar, cikin masu yarensa, kaɗaicin zai sake shi. Ba haka ya samu ba. Yawancinsu sun taso tare tun tawagar matasa, suna da barkwancinsu da sunayen tsokanarsu. Shi kuwa ya haura talatin, sabo ne kuma babba. In ya zo teburin cin abinci sai su gyara zama, su ce, "Sannu da zuwa, Yaya Shibukawa," hirar ta mutu. Shi ma ya ga bakinsa ya yi nauyi. Shekarun da ya yi yana magana da guntayen kalmomi sun sa ko da yarensa gajeruwar amsa yake bayarwa.

Wasan sada zumunta ne, ranar Lahadi da rana, a wani babban fili kusa da Tokyo. Kanae da Chiho suka taho a jirgin ƙasa. Da aka rera taken ƙasa yana tsaye a gaban benci, sai tsoro ya kama shi. Bayan hutun rabin lokaci koci ya waiwayo ya kira sunansa. Ya cire rigar sama, ya tsaya a bakin layi, ya sunkuya wa filin, ya shiga. Ƙwallon farko da ta zo masa ya tare ta lafiya, daga nan tsoron ya tafi. Ana kusa da tashi ya sami fili a gefensa, ya ruga, ya ɗago ƙwallon daidai kan ɗan gabansu, sai raga. Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Yaran da ke jin nauyinsa suka hau kansa suna ihu.

Da aka tashi ya zaga yana duban ɓangaren da ya san an zaunar da iyalai. Fuskoki dubbai, duk shuɗin kaya, bai ga nasa ba. A ɗakin canza kaya ya tarar da saƙon Kanae: sun ga shigarsa, Chiho ta yi ta tsalle, amma sun fita kafin a tashi don kada jirgin Akita ya wuce su, gobe akwai makaranta. Ba su ga ƙwallon da ya bayar ba. Ya ninke rigar da ya yi wasa da ita ya sa a jakarsa, ya roƙi mai kula da kaya ya ba shi wata mafi girma, ya aika Denmark.

Shekarar da ta biyo baya a sama ya yi rabinta. Daga Skarvik zuwa Oslo, daga Oslo zuwa wani gari, daga can zuwa Tokyo ko inda tawagar za ta buga, ya dawo ƙafafunsa a kumbure ya shiga wasan kulob. Wani lokaci ya buga, wani lokaci ya yi duk wannan tafiya ya ƙare a benci. Sau da yawa yana cikin Japan amma bai isa Akita ba. Bai yi ƙorafi ba. Japan ta sami gurbi a gasar cin kofin duniya, ya fara barin kansa yana tunanin abin da da ko a mafarki ba ya yarda ya taɓa.

Sai ga wani yaro, Koshimizu Ren, ɗan shekara ashirin da ɗaya, yana wasa a Jamus, shi ma ɗan bayan hagu. Gudu kamar iska, ga ƙafa, amma in aka juyo da hari sai ka neme shi ka rasa. A sansanin ƙarshe kafin a zaɓi masu tafiya, kocin ƙasa ya ja Tetsuro gefe.

"Shibukawa, ina so ka riƙe yaron nan kusa da kai. Yana da komai, hankalin tsaro ne babu. Ba wanda zai koya masa kamar kai."

Tetsuro ba yaro ba ne, ya gane abin da maganar ke nufi. Ya sunkuya ya ce to.

Ren kuwa ba shi da jin nauyi irin na sauran. Ya manne masa, har ɗakinsa yake biyo shi.

"Yaya, don girman iyayenka gaya mini, yaya kake sanin inda mutum zai bi tun bai motsa ba? Ni kafin in farga an bar ni ina kallon lambar bayansa."

"Saboda ƙafarsa kake kallo. Ƙafa maƙaryaciya ce. Kalli ƙugunsa."

"Shi ke nan?"

"Kuma ka daina zubewa ƙasa kamar an tura ka. In ka faɗi, ka fita daga wasan. Tsaya da ƙafarka, kai shi bakin layi, bar shi ya gaji da kansa."

"Kai, Yaya, ashe kana magana haka? Mu mun ɗauka bebe ne kai!"

Tetsuro ya yi dariya, irin wadda ya daɗe bai yi ba. Ya koya masa duk abin da ya sani, bai rage komai ba. A wannan mako ya fi kowane lokaci jin daɗin zama a tawagar, duk da ya san abin da yake ginawa.

Kiran ya zo wata safiya cikin watan Mayu, yana tsaye a kicin yana wanke shinkafa. Kocin ƙasa ne da kansa.

"Na so ka ji daga bakina kafin a faɗa a talabijin. Ba ka cikin masu tafiya. Ba don ka gaza ba ne."

"Na gode da kulawar da aka yi mini," in ji Tetsuro. Sai da ya ajiye wayar ya lura ashe sunkuyawa yake ta yi wa bangon kicin.

Ranar suna da wasa a gida. Iska na kaɗawa daga teku har ƙwallo na tsayawa a sama. Ya buga daga farko har ƙarshe, suka ci. Duk ɗakin canza kayan an ji labari, kowa in zai wuce sai ya ɗan taɓa masa kafaɗa. Halvard ya same shi yana kwance igiyar takalmi.

"Na ji."

"E."

"Gobe ka huta."

"A'a, zan zo."

"To," in ji Halvard, ya ɗan tsaya, ya wuce.

Gasar ya kalle ta a ɗakinsa, labule a sauke saboda hasken rana. Ren ne ya fara a gefen hagu. A wasa na biyu wani ɗan gaba mai tsananin sauri ya taho masa, daga shi sai gola. Tetsuro bai san lokacin da ya miƙe ba. "Tsaya! Kada ka zube! Kai shi layi!" Yaron ya tsaya da ƙafarsa, ya kai mutumin har bakin layi, ya ƙwace ƙwallon. Tetsuro ya daki iska da hannu, ya juya don ya ga wa zai nuna wa. Ba kowa sai kujera da firiji, da kukan tsuntsayen teku a kan rufin ma'ajiyar kifi. Ya koma ya zauna.

Kafin kaka ta ƙare Halvard ya ce kulob na so ya ƙara shekara biyu, bayan nan kuma ya zauna ya horar da matasa. Tayi ne mai kyau, ya kuma san a Skarvik ana ganin girmansa. Ya kira Kanae ya gaya mata, ya tambaye ta me ta gani.

"Kada ka ɗora mini wannan," in ji ta. "Lokacin da za ka tafi na ce ka je, lokacin rasuwar Mama na ce ka zauna. Wannan karon kai za ka faɗa. Abu ɗaya zan gaya maka: in za ka dawo, ka dawo don kana son zama da mu, ba don an rufe maka ƙofar tawaga ba. Yarinyar nan tana da wayo, za ta gane."

Ya yi makonni yana juya maganar, yana hawa dutsen bayan gari yana sauka. Bai iya rantsewa wanne ne dalilinsa a cikin biyun ba. Ya dai je ya gaya wa Halvard zai tafi. A wasansa na ƙarshe, cikin Nuwamba, aka cire shi ana gab da tashi don 'yan kallo su yi masa tafi. Suka miƙe tsaye cikin dusar ƙanƙara suna kiran Shibu, Shibu. Kulob ya ba shi rigar sanyi saƙar hannu. Washegari ya bar mukulli a kan teburi.

Tsohon kulob ɗinsa na Akita ya karɓe shi da shayi da girmamawa, suka ce suna da matashi a gefen hagu. Ya sa hannu da wata ƙaramar ƙungiya a rukuni na uku, tafiyar awa guda a jirgin ƙasa, inda 'yan kallo ba su cika gefe ɗaya na fili ba. A gida yana ta koyon abubuwa: ranar fitar da shara, wace hanya Chiho ke bi zuwa makaranta, yadda Kanae ke son a bar ta shiru in ta dawo aiki. Su biyun suna da maganganunsu da ba sai sun ƙarasa ba, su kalli juna su yi dariya, shi yana gefe yana murmushi.

Wata ranar Asabar makarantar su Chiho ta yi bikin kiɗa, Kanae kuma tana aiki, sai shi ya je. Ya zauna a kan 'yar kujerar yara cikin iyaye mata da kakanni, ba wanda ya san shi. 'Yan ajinsu suka fito da sarewa. Ya hango ta a layi na biyu, ta haɗe gira, yatsunta na tafiya daidai. Bai ma san tana busa ba sai a makon nan.

Da aka tashi ya ce su je su ci taliya, ta ce to. Suka zauna gefe da gefe a wani ƙaramin shago kusa da tasha, tururi na tashi daga kwanoninsu. Ya ce busar ta yi kyau, ta ce ta yi kuskure sau ɗaya, ya ce bai ji ba. Suka ci gaba da ci. Can, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce:

"Baba, yaushe za ka koma?"

"Ba zan koma ba."

"Ko bayan sabuwar shekara?"

"Ko bayan sabuwar shekara."

Ta gyaɗa kai kamar mai auna maganar. Sai ta sa tsinken cin abincinta ta ɗauko rabin dafaffen ƙwan da ke kwanonta, ta ajiye a nasa.

"Ni ba na cin ƙwai," ta ce. "Mama ce ke cinye mini."

"Ban sani ba," in ji shi.

"To yanzu ka sani."

Ya ɗauki ƙwan ya ci. Da suka gama ta saɓa jakar sarewarta, suka fito, ta nuna masa gajeriyar hanyar da ke bi ta bayan gidan waya.